Saƙon da ya ce daga banki yake: yadda ake gane na ƴan damfara

Ɓarawon da ke harin kuɗin da ka ajiye a banki da wuya ya tunkari bankin kai tsaye. Can akwai ma'aikata da aikinsu ke nan dare da rana, su tsare kwamfutoci, su sa ido kan duk kuɗin da ya motsa. Abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya zo ta wajenka, ya sa ka miƙa masa lambobinka da hannunka, kana zaton da bankinka kake magana. Dukan damfarar da ake yi ta saƙon imel a kan wannan take tsaye, kuma wanda ya gane haka ya riga ya gane rabin maganar.

A Maraɗi an daɗe ana kasuwanci da amana da sanin fuska. Alhaji ya san muryar dillalinsa na Kano, ya san yaron da ake aikowa karɓar kuɗi, ya san uban yaron. Yau kuwa kuɗi da yawa sun koma cikin salula. Akwai mai asusu a SONIBANK ko BIA ko Ecobank ko BOA, akwai mai Airtel Money ko Moov Money, akwai mai aike ta Nita ko Amana ko Al Izza, ga kuma ƴan kasuwar da ke bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina, waɗanda da yawansu suna da asusun naira a bankunan Najeriya. Saƙon da ke shigowa salula ba shi da fuska, ba shi da murya. Kuma kada wani ya ce shi bai da imel, don haka maganar ba ta shafe shi ba. Kusan duk mai salular Android yana da adireshin Gmail, ko da mai shagon da ya sayar masa da ita ne ya buɗe masa ranar nan. Irin wannan saƙo kuma yana zuwa ta SMS, yana zuwa ta WhatsApp, dabarar ɗaya ce.

Tambayar da mutane suka fi yi ita ce, ta yaya wani zai aiko saƙo da sunan bankina alhali ba shi ne bankin ba? Amsar tana cikin yadda aka gina imel tun farko. Ƙa'idar da saƙonnin imel ke tafiya a kanta, wadda ake kira SMTP, a 1982 aka rubuta ta, lokacin da masu amfani da ita ƴan kaɗan ne, galibi malaman jami'a da masu bincike da suka yarda da juna. Ba a sa mata hanyar tantance mai aikowa ba. Kamar wasiƙar da ake ba direba a tasha ce: sunan da ke bayan ambulan, wanda ya kawo ta ne ya rubuta shi, direba ba ya tambayar katin ɗan ƙasa kafin ya karɓa. Daga baya an ƙara wasu matakai na tantancewa, SPF da DKIM da DMARC, kuma suna cikin abin da ke sa Gmail ya jefa saƙonni da yawa cikin kwandon shara kafin ka gan su. Amma waɗannan matakai adireshi suke dubawa. Sunan da ke fitowa a sama da manyan baƙaƙe, wanda shi ne idonka ke fara gani, kowa yana iya rubuta abin da ya ga dama a wurin. Tambarin banki kuwa, da launinsa, da hoton gininsa, minti ɗaya ya isa a kwafo su daga shafin bankin na gaskiya.

Don haka abu na farko, ka taɓa sunan mai aikowa a saman saƙon. Adireshin da ke ɓoye a ƙarƙashinsa zai bayyana. Ka dubi abin da ya biyo bayan alamar @. Idan saƙo ya ce daga sashen tsaro na banki yake, amma adireshin ya ƙare da gmail.com ko yahoo.fr ko outlook.com, magana ta ƙare. Banki yana da adireshinsa na kansa, ba ya aron na jama'a. Sai dai wannan gwaji rabin aiki yake yi. Idan adireshin ya fito a karkace, ka kama ɓarawo. Idan ya fito kamar daidai, hakan bai wanke saƙon ba, domin ana sayen adireshi mai kama da na banki da kuɗi kaɗan, kuma ana iya sace akwatin imel na wani ma'aikaci a aiko da saƙo daga cikinsa.

Su kansu saƙonnin kusan waƙa ɗaya suke rerawa. Na Faransanci yakan fara da "Cher client", ba sunanka, ba komai da ke nuna an san ka. Sai ya ce an ga wani motsi da ba a saba gani ba a asusunka, ko an dakatar da katinka, ko lokacin sabunta takardunka ya yi. Sai wa'adi: awa 24, ko awa 48, in ba haka ba a rufe asusun. A ƙasa kuma ga maɓalli mai launi, an ce ka latsa ka gyara. Wani lokaci ta kwaɗayi ake biyowa, a ce akwai kuɗin da aka cire maka bisa kuskure za a mayar maka, ko wani ya aiko maka da kuɗi suna jiran ka tabbatar. Tsoro ko kwaɗayi, abin da ake so ɗaya ne, kada ka samu sararin tambayar kowa. Wa'adin nan shi ne babban makaminsu. Mutumin da ke da kaya a hanya, direba yana jiran kuɗin mai, mai kaya a Kano yana bugo waya, in aka ce masa asusunsa zai rufe kafin gobe, ba karatun adireshi ne a gabansa ba.

Amma karatun adireshin nan ya cancanci a tsaya a kansa, don shi ne abin da mutane da yawa, har da masu digiri, ba a taɓa koya musu ba. Maɓallin da ke cikin saƙo, rubutun da ke kansa daban, inda zai kai ka daban. A salula, ka ɗora yatsa a kansa ka riƙe, kada ka saki da sauri. Adireshin gaskiya zai fito a ƙaramin akwati. A kwamfuta kuma ka kai kibiyar kansa ba tare da ka latsa ba, ka dubi ƙasan allo. To, da ya fito, ta ina ake karanta shi? Mu ɗauka adireshin bankinka na gaskiya shi ne bankinka.ne. Ka wuce https:// da ke farko, ka ci gaba har ka iske karan tsaye na farko mai karkata, wato /. Tsaya nan. Sai ka dawo baya. Gaɓoɓi biyu na ƙarshe da ke gab da wannan karan, wato kalmomin da ɗigo ya raba, su ne sunan mai gidan. Idan ka ga compte.bankinka.ne/ to gidan bankinka ne, kalmar da ke gaba ɗaki ce kawai a cikin gidan. Idan kuwa ka ga bankinka.ne.securite-client.com/ to mai gidan shi ne securite-client.com, sunan bankinka kuwa an manna shi ne a gaba don idonka ya faɗa kansa ya natsu. Haka bankinka-ne.com, haka bankinka-verification.net, duk gidajen wasu ne. Adireshin Najeriya da yawa suna ƙarewa da .com.ng, a nan gaɓoɓi uku za ka ƙirga maimakon biyu. Allon salula ƙarami ne, yakan nuna farkon adireshi ya yanke ƙarshensa, kuma ƴan damfara sun san da haka, shi ya sa suke tsawaita shi da gangan.

Akwai kuma wasa da baƙaƙe. A haɗa r da n su yi kama da m, a sa lamba 1 a madadin ƙaramin l, a sa sifili a madadin o. A 2017 wani mai bincike, Xudong Zheng, ya yi rajistar adireshi da baƙaƙen rubutun Sirilik, irin wanda Rashawa ke amfani da shi, ya fito a allo tamkar apple.com, ido ba ya iya bambancewa. Wasu kamfanonin manhajar shiga intanet sun toshe wannan ɓarakar, amma ta nuna iyakar abin da ido zai iya.

Wani abin da aka koya wa mutane shekarun baya, yanzu ya zama tarko: wai in ka ga ɗan kwaɗo a gefen adireshi, shafin amintacce ne. Kwaɗon nan abin da yake nufi kawai shi ne, abin da ka rubuta zai isa shafin ba tare da wani ya leƙa a hanya ba. Bai ce komai ba game da ko wane ne mai shafin. Tun 2015 ake samun takardar shaidar da ke kawo kwaɗon kyauta ta hannun wata ƙungiya mai suna Let's Encrypt, mai gaskiya ya samu, ɓarawo ma ya samu. A 2023 manhajar shiga intanet ta Chrome ta cire hoton kwaɗon daga gefen adireshi, saboda mutane suna yi masa fahimtar da ba ita ba.

Yanzu mu bi wanda ya latsa, mu ga abin da ke faruwa. Shafi ya buɗe, sak na bankinsa. An nemi lambobi 16 na gaban kati, da watan da katin zai ƙare, da lambobi 3 na bayansa. Ya rubuta. Wata ƴar da'ira ta fara juyawa a allo, an ce ya ɗan jira ana tantancewa. A cikin wannan jiran, can wani wuri, ɓarawon yana zuba lambobin nan a wani shagon intanet ko a shafin bankin na gaskiya. Bankin gaskiya kuma ya yi aikinsa, ya turo kodi ta SMS zuwa layin mai asusun. Daidai lokacin sai shafin ƙarya ya canza, ya ce: shigar da lambar da muka turo maka. Mutumin ya ga saƙo ya shigo daga bankinsa na gaskiya, ta layin da ya saba ganin saƙonnin bankin, sai zuciyarsa ta ƙara kwanciya. Ya kwafi lambobi shida ya zuba. Kuɗi sun fita. Idan ya yi jinkiri, sai salularsa ta yi ƙara, wata murya mai ladabi ta gaishe shi da sunansa, ta ce daga banki ne, an ga yana ƙoƙarin gyara asusunsa, ya karanto lambar a ƙarasa masa. Abin baƙin cikin shi ne, SMS ɗin nan sau da yawa yana ɗauke da adadin kuɗin da za a cire, har da gargaɗin kada a ba kowa lambar. Mutane lambar kawai suke nema da ido, ba sa karanta sauran.

Daga nan ake gane abubuwan da ba a bayarwa ko wa ya tambaya. Lambar sirri mai huɗu ta kati, kalmar sirri ta shiga asusu, kodin da ake turowa ta SMS, lambobi uku na bayan kati. Ma'aikacin da ke zaune a gishe bai san lambar sirrinka ba, kuma ba ya buƙatar ta don ya yi aikinsa. Shugaban reshe ma haka. Duk wanda ya nemi ɗaya daga cikinsu ta imel ko ta waya, ko da ya faɗi sunanka da na mahaifinka da lambar asusunka daidai, ba don ya taimake ka yake nema ba. Hoton katin ɗan ƙasa ma abin tsarewa ne, domin da shi ake ƙoƙarin karɓe layin mutum ko a buɗe asusu da sunansa.

Da can ana cewa a duba kurakuran rubutu, saƙon ƴan damfara ba ya rasa gurɓataccen Faransanci. Har yanzu akan samu irinsu, amma ban ga dalilin dogara da wannan ba. Manhajojin da ke rubutu da fassara sun sa kowa yana iya fitar da wasiƙa mai tsabta da Faransanci ko Ingilishi, Hausa ma sun fara taɓawa. Kuma a garinmu wannan shawara ba ta da amfani ga mutane da yawa tun asali, don wanda saƙon ya zo wa ba shi ne ke karantawa ba. Ga yadda abin yakan kasance a shago. Alhaji ya miƙa wa ɗansa ɗan lakwal salula: "Kai, duba mini, me mutanen nan suka rubuto?" Yaro ya karanta, ya ce: "Baba, banki ne, sun ce za su rufe asusunka gobe in ba a sabunta ba." Alhaji ya ce: "To yi musu abin da suke so mana, ga katin." Yaron bai yi ƙarya ba, fassara ya yi, kuma ya fassara daidai. Amma da maganar ta fito daga bakin ɗansa, sai ta ɗauki amincin ɗansa. Kalmar "banki ne" ta riga ta shiga kafin kowa ya tambaya ko bankin ne. Shi ya sa nake ganin matasan da ake miƙa wa salula, ɗalibai da yaran shago da masu gyaran waya a bakin kasuwa, su ne ya fi kamata su iya wannan karatu. Abin da ya dace yaron ya ce shi ne: "Baba, wani saƙo ne yake cewa daga banki yake. Bari mu kira su mu ji."

Masu asusun naira nasu ya fi tsanani. Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da lambar BVN a 2014, lamba 11 da ke haɗe duk asusun mutum da zanen yatsunsa, kuma a ƙarshen 2023 ya ba da umarnin a haɗa asusu da BVN ko lambar NIN ta shaidar ɗan ƙasa. Umarnin gaskiya ne, kuma irin wannan gaskiyar ƴan damfara suke hawa. Saƙo ya zo da Ingilishi cewa BVN ɗinka ta samu matsala, mutum yana Maraɗi, reshen bankinsa yana Katsina ko Kano, ga iyaka, ga shingaye, ga kwana guda da zai tafi a banza. Latsa maɓalli ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma a kan wannan nisan ake cin mutane. Wanda ke da irin wannan asusu, ya kamata tun ranar da ya je reshe ya karɓi lambar wayar sashen kula da abokan hulɗa ya adana, ya kuma tambayi lambar da ake dannawa a toshe asusu daga salula in ta ɓaci, don bankunan Najeriya da yawa suna da ita.

Saƙon da ya zo da sunan BCEAO kuwa ba ya buƙatar dogon bincike. Babban bankin ƙasashe takwas ne masu amfani da sefa, hedikwatarsa tana Dakar, yana da reshe a nan Maraɗi, amma hulɗarsa da bankuna ce da baitulmalin gwamnatoci. Ba ya buɗe wa ɗan kasuwa asusu, balle ya rubuto masa cewa wasu miliyoyi suna jiran sa in ya biya kuɗin takarda.

Ba kowane saƙo ne ke da maɓalli ba. Wani takarda yake ɗauke da ita a maƙale, a ce rasit ne, ko bayanin shige da ficen asusu, ko sabuwar manhajar banki. Ka dubi ƙarshen sunan takardar. In ya ƙare da .apk ko .exe ko .html ko .zip, kada ka buɗe. Mai .apk manhaja ce da za ta zauna cikin salularka, in ka ba ta izini ta riƙa karanta SMS ɗinka tana tura kodin banki waje ba tare da ka sani ba. Manhajar banki daga Play Store ake sauke ta, ko a sa maka ita a reshe kana kallo. Ta irin wannan ƙofa ake shiga manyan wurare ma. A watan Nuwamba na 2022 kamfanin tsaron intanet na Group-IB tare da Orange suka fitar da rahoto kan wani gungu mai magana da Faransanci da suka laƙaba wa suna OPERA1ER. Daga 2018 zuwa 2022 gungun ya kai hari sama da 30 kan bankuna da kamfanonin sadarwa, galibi a Afirka, Nijar tana cikin ƙasashen da aka ambata, kuma ya kwashe aƙalla dalar Amurka miliyan 11. Mafarin shigarsu saƙon imel ne zuwa ga ma'aikata, mai kama da takardar haraji ko ta neman aiki. A 2023 aka kama wanda ake zargin jigo ne a cikinsu a Kodebuwa, da haɗin gwiwar Interpol. Google da Facebook ma, wani mutumin Lituweniya ya karɓe musu sama da dala miliyan 100 tsakanin 2013 da 2015 da takardun biyan kuɗi na ƙarya da ya riƙa aikawa ta imel. Ina kawo waɗannan ne don mai jin kunyar an cuce shi ya san ba rashin wayo ne ya kai shi ba.

A ganina duk alamomin nan taimako ne, amma ba su ne katangar ba, don kowace alama akwai ɓarawon da ya iya ɓoye ta. Abin da ba su da maganinsa shi ne mutumin da ba ya shiga banki ta ƙofar da saƙo ya buɗe masa. Saƙo ya ce akwai matsala? To, an ji. Rufe shi. Buɗe manhajar bankin da ke salularka tun da, ko ka kira lambar da aka buga a bayan katinka, ba wadda ke cikin saƙon ba, ko ka hau kabu-kabu ka je reshe. In matsalar gaskiya ce, za ka iske ta can tana jiran ka. Bankuna da kamfanonin aika kuɗi su ma akwai nasu nauyin. Suna karɓar ajiyar mutanen da Hausa kawai suke ji, amma gargaɗinsu yawanci da Faransanci yake, a rubuce, a ƙasan takarda. Gidajen rediyo suna nan, ana sauraron su a kowace rumfa. Minti biyu da Hausa, a faɗa wa mutane ƙarara cewa ba mai tambayar su kodi, zai kai inda takarda ba ta kai ba.

Wanda ya riga ya zuba lambobinsa, mintoci ne a hannunsa. Ya kira banki nan take a toshe katin, kafin ya tsaya neman wanda zai ba labari. Ya canza kalmar sirrin asusun, ya canza ta imel ɗinsa ma, musamman in mai shago ne ya sa masa ita tun farko ko kuma kalma ɗaya yake amfani da ita ko'ina. In layinsa ya ɗauke rezo haka kawai alhali na maƙwabta yana aiki, ya garzaya ofishin kamfanin waya, mai yiwuwa an karɓe layin ne. Kada ya goge saƙon. Ya ɗauki hotonsa, da adireshin, da lambar da ta kira shi, da SMS ɗin cire kuɗin, ya kai ƙara wajen ƴan sanda. Nijar tana da dokar hukunta laifukan intanet, doka mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yuli 2019, kuma ƙarar da aka rubuta tana ƙarfafa hannun banki wajen bin sawun kuɗin. Kuɗin sata ba sa kwana wuri ɗaya, ana rarraba su cikin asusu da yawa a cire, galibi asusun matasan da aka ce su ba da aro za a ba su na goro, kuma su ne ake fara kamawa idan bincike ya taso. Bayan ƴan kwanaki kuma akan samu wani ya bugo, ya ce shi lauya ne ko jami'i, zai dawo da kuɗin da aka sace in an biya jaka hamsin na buɗe fayil. Sau da yawa mutanen farko ne suka dawo, ko waɗanda suka sayar wa lambarka.